Ni Ce Tsohuwar Mansur Mai Firji Biyu

Zuwa ga Ustaz Dakta, Shugaban Kwamitin Rabon Abinci na 'yan uwanmu mazauna Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ina yi maka barka da shan ruwa, duk da ta zo a makare, da kuma fatan alheri a kan hidimar alhazai da ke gabanku. Allah ya karɓi ibadunmu baki ɗaya.

Ban sa sunanka a takardar nan ba, ba don ban san shi ba. Kai ma ba ka kira nawa ba a saƙon muryar da ka saki a WhatsApp makon jiya. Cewa ka yi, "wata tsohuwa a Mansur mai firji biyu." To, unguwarmu ta Shara Mansur kaf babu wanda bai gane wadda kake nufi ba. Kafin azahar mutum huɗu sun turo mini, ta biyar kuwa da ƙafarta ta hawo bene don ta ga yadda fuskata za ta yi in na ji. Tunda a bainar jama'a ka yi maganata, a bainar jama'a zan ba ka amsa. Na koyar a firamare shekara shida a Bichi kafin aure ya kawo ni ƙasar nan, saboda haka da hannuna na rubuta wannan, babu wanda ya shifta mini. In ka ji zafi a ciki, nawa ne.

Saboda waɗanda ba su ji saƙon ba, ga abin da ka faɗa a taƙaice. Ka ce babu yunwa a cikin mutanenmu na Makka, sai kwaɗayi da mutuwar zuciya. Ka ce abincin kyauta yana koya wa mutane lalaci. Ka ce tun da kwamiti ya fara ɗaukar hoto da bin gidaje yana dubawa, masu zuwa karɓa sun ragu ƙwarai, wai wannan shi ne shaidar cewa da ma ba mabuƙata ba ne. Ka rufe da cewa wanda zaman Makka ya gagare shi, hanyar gida a buɗe take. Tun daga ranar mutane suke ta muhawara a zaurukan WhatsApp, masu ƙoshi suna cewa ka yi gaskiya, mu kuma da ake maganar a kanmu mun yi tsit, saboda duk wanda ya buɗe baki ya tona kansa. Ni dai an riga an tona ni, babu sauran abin da zan ɓoye.

Sunana Hajiya Ladidi, an fi sanina da Mai Waina. Shekarata talatin da ɗaya a garin nan. Na biyo mijina ne, Malam Sani, direban motar ruwa, Allah ya jiƙansa; bana shekara goma sha biyu da aka kai shi makwancinsa. Tun yana raye nake soya waina da safe, in tuƙa tuwo da yamma, kuma da wannan tandar na aurar da 'yata bayan rasuwarsa. Ban taɓa miƙa hannu a ƙofar Harami ba, ban taɓa tare alhaji a hanya ba. Shekara uku da suka wuce ciwon sukari ya sauko mini a ƙafa, ya taɓa ido, tsayuwa a kan wuta ta gagare ni. Kafin nan ma 'yan baladiyya, wato jami'an hukumar gari, sun kwashe mini tukwane sau biyu. Surukina yana cikin waɗanda kamfanin gine-gine ya sallama bayan aikin ya tsaya, ya koma Kano yana buga-buga, ya bar mini 'yata Zainab da yara uku kafin ya samu abin da zai ɗauke su. Zainab tana wanke-wanke a gidajen biki in an samu. Wannan ita ce mai mutuwar zuciyar da kake magana a kanta.

Yanzu ga abubuwan da nake so ka ji, ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, ranar rabo.

Sai da na yi wata biyu ina juya maganar a raina kafin na yarda a rubuta sunana. Ba kwaɗayi ya kai ni ba, azumi ne ya tunkaro, yaran nan kuma sun fara tambayar me ya sa kullum taliya ba mai. Aka ce mu hallara a mustaudanku da ke Hindawiyya, wato ɗakin ajiyar nan na bayan masu gyaran mota, ranar Talatar ƙarshe ta Sha'aban da ƙarfe goma sha ɗaya. Muka tafi ni da maƙwabciyata, Inna Hajo, 'yar Damagaram, wadda ta girme ni da fiye da shekara goma. Mun isa kafin lokaci. Kwalayen suna jere a ciki, muna hango su ta ƙofa. Ba a raba ba. Aka ce a jira mai hoto. Mai hoto ya zo, aka ce a jira ƙyallen da aka rubuta sunan kwamiti a kai. Ƙyalle ya zo, aka ce a jira Alhajin da ya ba da gudummawa mafi tsoka, yana kan hanya daga Jidda.

Ustaz, kai ka san ranar Makka a wannan watan. Mata tsofaffi, da masu ciki, da masu goyo, muka tsaya a jikin bango muna bin inuwa tana gudunmu, tun kafin azahar har aka kira la'asar. Kujerun da aka jera a ciki, gaban fanka, na baƙi ne. Da Alhajin ya iso, sai ka karɓi lasifika ka yi mana wa'azi a kan wadatar zuci da falalar neman na kai. Wa'azi mai kyau, babu kuskuren larabci ko ɗaya a ciki. Sai dai ka yi shi ne ga matan da suka ƙare ƙuruciyarsu a kan murhu da shara da wankin gidajen mutane, kuma kai da kake yi mana, ban san ranar da tafin hannunka ya taɓa yin kanta ba.

Daga nan aka fara kiran suna da lasifika, cikakken suna har da unguwa. Kowace ta fito, a ɗora mata kwali a hannu, a ce ta juyo ta fuskanci mai hoto, Alhaji ya dafa kwalin ta gefe guda, kai ta ɗaya gefen. Da aka zo kan Inna Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska. Sakatarenka ya ce, "Inna, a ɗan sassauta, masu bayarwa suna son su ga inda kayansu suka je." Ta ce, "Ɗana, ba ga hannuna ba? Su ga hannun mana." Aka yi dariya, aka ce tsohuwa akwai barkwanci, aka jira har sai da ta sauke mayafin. Ina tsaye a bayanta, duk a kan idona aka yi.

Abin da ke cikin kwalin ba zan raina ba, abinci ne, mun ci mun gode wa Allah. Amma da an tambaye mu, da mun faɗa muku cewa rabin tsofaffin da ke layin nan masu ciwon sukari ne, garin lemon zaƙi guda uku ba zai amfane su da komai ba, kuma dabinon ya kwana biyu har ya fara yin mazauna. Ba a tambaye mu ba. A wurin kwamitinka, mai karɓa ba shi da baki sai na godiya.

Na biyu, firjin.

A makon farko na azumi sakatarenka da wani ɗan kwamiti suka hawo gidana, wai binciken cancanta. Na shimfiɗa musu darduma. Ba su zauna ba. Suka leƙa ɗaki, suka leƙa madafa, sakatare yana rubutu. Ya ga na'urar sanyaya ɗaki a bango, ya rubuta. Ya ga waya mai shafawa a hannun Zainab, ya rubuta. Ya ga firji biyu, ya dubi abokinsa, suka yi murmushi irin na wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu. Na ce masa, "Malam, buɗe ka gani." Ya ce babu buƙata, abin da suka gani ya isa. Bayan kwana uku aka aiko cewa an cire sunana.

To, tunda su ba su buɗe ba, bari in buɗe maka. Babban firjin nan kayan sana'ata ne, a ciki nake ajiye ƙullun waina da miya lokacin da nake da ƙafar tsayuwa. Injinsa ya mutu shekara biyu ke nan. Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya hawo ya gan shi, ya ce sauko da shi daga hawa na huɗu ya fi ƙarfin abin da zai samu a kansa. Yanzu littattafan makarantar jikokina ne a ciki, da barguna, saboda ɓera ba ya iya shiga. Ƙaramin kuwa yana aiki, alhamdulillahi. Ranar da suka zo, abin da ke cikinsa shi ne allurar sukarina, da gorunan ruwan Zamzam, da rabin albasa.

Na'urar sanyin ta girmi babban jikana. Kai da kake fita daga gida mai sanyi ka shiga mota mai sanyi ka sauka a ofis mai sanyi, ina so ka kashe taka yini ɗaya tak a watan azumi mai zuwa, ka zauna a ɗakin da ke ƙarƙashin rufin kankare, sannan ka dawo ka gaya mana ko kayan alatu ne. Wayar kuma uban yaran ne ya bar ta don su riƙa ganin fuskarsa, kuma ta cikinta saƙon iƙama, takardar izinin zamanmu, yake zuwa, ta cikinta masu biki suke kiran Zainab aiki. Ta cikinta ma muka ji ka kana zaginmu. Wato a ƙa'idar kwamitinka, sai mutum ya sayar da wayar da ake kiransa aiki da ita, ya zauna cikin zafi har ya suma, sannan ya cancanci taliya leda huɗu. Talakan da kuke nema wanda babu komai a ɗakinsa sai tabarma, a cikin wa'azi kawai yake zaune. Mu na gaske muna da tarkacen shekara talatin, sai dai tarkace ba ya dahuwa.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da maganar firji ce kaɗai, wallahi da na haɗiye.

Ka ce masu zuwa sun ragu, wai shaidar ba mabuƙata ba ne. Bari in ba ka labarin mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ragu.

Inna Hajo ta fi ni daɗewa a Makka. Shara ta yi a gidajen alhazai har bayanta ya ranƙwafa. Ba ta da kowa a nan. 'Ya'yanta biyu maza suna Damagaram, manoma ne, su ma da kyar suke kai shekara. Duk tsawon zamanta abu ɗaya ta riƙe: kada su san tana cikin wahala. In alhazan garinsu za su koma, sai ta ƙulla dabino da tasbaha da ɗan turare ta aika, ko da ita za ta kwana da ruwan shayi. A can, ita ce Hajiyar Makka, wadda ake sa wa jikoki sunanta.

Bidiyonku bai yi kwana biyu ba ya isa Damagaram. An sa masa waƙar yabo a ƙasa, da rubutu cewa kwamiti ya share hawayen gajiyayyu. Ga Inna Hajo a tsakiya, fuska a buɗe, ana kiran sunanta da na mahaifinta. Babban ɗanta ya kira ta a wayar Zainab, ina zaune. Yana kuka, ƙato da shi, yana cewa, "Inna, ashe bara kike yi a can ba mu sani ba? Mutane suna tare ni a kasuwa suna nuna mini." Ta ce masa ba ita ba ce, mai kama da ita ce. Tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, a bakin azumi, ta yi wa ɗanta ƙarya saboda ku. Da ta miƙo wayar ta ce da ni, "Ladidi, an gama da ni."

Ita ba ku cire sunanta ba, ɗakinta ya ci jarrabawarku, babu firji ko ɗaya. Ita ta cire kanta. Da rabon tsakiyar azumi ya zo na ce ta shirya Zainab ta raka ta, ta ce ƙafarta ba za ta sake taka wurin ba ko za ta mutu. Na ce to a karɓo mata. Zainab ta je, sakatare ya ce doka ce, sai mai suna ta zo da kanta an ɗauke ta, saboda gudun maguɗi.

Muna aika mata da abin da muka dafa, ɗan abin da yake akwai. Sai ta karɓa ta yi godiya ta rufe ƙofa. Daga baya muka gane kiran ƙananan jikokina take yi ta ba su, ta ce ita ta ƙoshi, wai wata 'yar garinsu ta kawo mata. Babu wata 'yar garinsu. Ta san an cire sunana, ta san bakuna biyar ne a gidana, ta yi lissafinta ita kaɗai. Da dabino da ruwa da busasshen burodi ta yi goman ƙarshe. Kwana uku kafin Salla, da hantsi, na ga ba ta fito shanya ba kamar yadda ta saba. Muka tura ƙofa muka same ta a ƙasa kusa da buta, tana numfashi sama-sama. Likita a asibiti ya tambaye ni, "Wa ke kula da ita? Matar nan ta daɗe ba ta ci abinci ba." Na rasa inda zan sa fuskata. Ni da na ciyar da rabin unguwar nan, maƙwabciyata ta bushe da yunwa bango ɗaya tsakaninmu. Wannan nawa laifin ne, kuma ina roƙon Allah gafara a kansa kullum. Ta yi kwana goma sha shida a asibiti, ƙodarta ta ƙi tashi, Allah ya karɓi abarsa a cikin Shawwal.

Ban ce kai ka kashe ta ba, Ustaz. Kwana ne ya ƙare, kuma ta samu abin da ta daɗe tana roƙo, an yi mata salla a Harami. Amma ina so ka san cewa lokacin da kake ƙirga waɗanda suka daina zuwa kana murna dabararka ta yi aiki, da ita a cikin lissafin.

Sannan ga abin da ya fi ba ni mamaki. Ranar zaman makoki sai ga motar kwamiti a ƙofar gidanmu, da buhun shinkafa uku da katan ɗin mai, gudummawar ta'aziyya. Da mai hoto. Tana raye kwali ɗaya ya gagara a aiko mata sai ta zo ta tsaya a gaban kyamara; da ta mutu, buhu uku suka hawo hawa huɗu da ƙafarsu. Matan unguwa suka dube ni, na ce a karɓa, a dafa, masu zaman makokin ma yunwa suke ji. Mai hoton kuwa na ce masa in ya ɗaga abin nan a gidan nan sai ya sauka benen ba ta matakala ba. Ya mayar da shi jaka. Ina zaton daga nan ne na zama tsohuwar da ta cancanci a yi saƙon murya a kanta.

Na huɗu, maganar masu maguɗi.

Ba zan yi maka musu ba, akwai su. Na san wadda take karɓa a wuri uku ta kai kasuwa ta sayar. Ni na san ta, matan Mansur sun san ta, kai ne kaɗai ba ka san ta ba, alhali tana cikin kowane bidiyo naku, a sahun gaba, tana ɗaga hannu tana kwarara muku addu'a har da hawaye. Kyamara ba ta korar mara kunya, Ustaz, ai abincinta ke nan. Mai kunya take kora. Masu bincikenka ma in za su je gidan irin waɗannan, labari yana riga su isa, a tura firji da talabijin ɗakin maƙwabta, a shimfiɗa tsohuwar tabarma. Ni da ban iya wannan wasan ba na bar kayana inda suke. Ka kafa tarko, ya kama masu gaskiya, ɓarayin suna tsallakewa suna yi maka godiya, kai kuma kana shelar nasara. Da karatun digiri uku ake kai wa ga irin wannan basira, to mu da muka tsaya a ƙaramar makarantar horon malamai ba mu yi asara ba.

Na biyar, abincin kyauta da lalaci.

A nan zan ɗan tuna maka baya, ba don gori ba, sai don ka ce abincin kyauta yana kashe zuciya, ni kuma na san mutum guda da bai kashe wa ba. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce wani saurayi siriri ya zo karatu garin nan da jaka ɗaya. Jami'a ta ba shi ɗaki kyauta, ta ba shi abinci a farashin da bai kai na ruwa ba, ta ba shi mukafa'a duk wata, wato kuɗin kashewa, ta ba shi na littattafai, ta saya masa tikitin jirgi duk shekara ya je ya ga iyayensa. Shekara goma sha ɗaya yana cikin wannan alheri. Babu wanda ya bi shi ɗaki ya duba ko yana da agogo. Babu wanda ya ce ya riƙe farantinsa ya juyo a ɗauke shi a aika ƙauyensu. Duk Juma'a bayan an sauko, shi da abokansa sukan biyo ta gidan Malam Sani, saboda sun gaji da shinkafar Larabawa, in zuba musu tuwo da miyar kuka. Yakan ce, "Umma, a ƙara miya." In ƙara. Ban taɓa karɓar ko sisi ba, ban kuma taɓa yi masa wa'azin neman na kai kafin in miƙa masa kwano ba.

Wancan saurayin ya zama Dakta, kuma ina alfahari da hakan har yau. Abin da ban gane ba shi ne, me ya sa in taimako ya zo wa mai karatu sunansa tallafi, in ya zo wa mai shara sunansa bara? Duka daga aljihun wani ya fito.

Kuma tunda ana maganar lalata mutane da abinci, Zainab tana cikin matan da aka ɗauka wanke-wanke a shan ruwan da kwamiti ya shirya wa masu ba da gudummawa a istirahar nan ta unguwar Shisha, gidan taron da kuka kama haya. Ta ce raguna ne a kan faranti, wasu ko taɓa su ba a yi ba. Da aka tashi, matan suka roƙi a bar su su ƙulla ragowar su kai wa yara. Aka ce a'a, umarnin shugaba ne, kada a saba musu. A gabansu aka juye a baƙaƙen ledoji aka kai bola. Yarinyar nan ta dawo tana ƙanshin naman da ba ta ci ba, 'ya'yanta suna shinshina mayafinta. Kyanwoyin Shisha dai sun yi Salla tun kafin a ga wata, kuma ban ji an ce zuciyarsu ta mutu ba.

Game da hanyar gida da ka ce a buɗe take: na gode da tuni. Mijina yana kwance a ƙasar nan. Gidanmu na Bichi an raba gado an sayar tun ina da ƙarfi. Ranar da surukina ya samu inda zai ajiye mu za mu tafi, ba sai an kore mu da lasifika ba. Kafin nan, yara uku ba za su ci "ku koma gida" su kwanta ba.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

A goge bidiyon nan daga duk inda kwamiti ya sa shi, kuma ka kira ɗan Inna Hajo da bakinka, lambarsa tana wurina, ka gaya masa mahaifiyarsa ba ta taɓa bara ba. Har yanzu yaron nan bai daina tambayata ba.

A daina hoton fuskar kowa, a daina kiran suna da lasifika. In masu bayarwa suna son shaida, a ɗauki kwalayen, a ɗauki motar, a ɗauke ka kai da kanka ta kowane gefe, tunda abin yana yi maka kyau. Na tabbata yawancinsu don Allah suka bayar, kuma kai ka karantar da mu cewa sadakar da aka ɓoye ta fi lada.

A sa mata a cikin kwamiti, daga kowace unguwa, waɗanda suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Su kai wa tsofaffi da marasa lafiya har ɗaki, a cikin leda irin ta cefane. Kuma a riƙa tambayar mutane abin da suke iya ci.

Ka sake yin wani saƙon, a zauren da ka yi na farko, ka janye maganar cewa waɗanda suka daina zuwa ba mabuƙata ba ne.

Na ƙarshe, ka mayar da sunana. Na san wasu suna jira su ji na ce na fi ƙarfin kwalinku, na yafe. Ban fi ƙarfinsa ba. Ina da jikoki uku da ƙafar da ba ta tsayuwa, kuma ba zan bar su da yunwa don in burge masu karanta wasiƙa ba. Abincin nan ba daga gonarka ya fito ba. Bayin Allah ne suka ba ka amana ka isar ga irinmu, kai ɗan aike ne, kuma ɗan aike ba ya tsayar da mai saƙo a rana ya yi masa faɗa kafin ya miƙa masa abinsa.

In kana shakkar abin da na faɗa, ka zo ranar Alhamis bayan la'asar, kai kaɗai, ba sakatare ba mai hoto. Akwai gida tara a kan dutsen bayan layinmu da suka daina zuwa wurinku, ba zan rubuta sunansu a takarda ba. Zan dogara sanda in kai ka ƙofa-ƙofa, in sun yarda su buɗe. Ka sa takalmi mai ƙwari, mota ba ta hawa can.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da ilimi mai amfani, ya albarkaci zuriyarka, ya saka wa duk wanda ya sa ko ƙwayar shinkafa a cikin kwalayen nan da gidan Aljanna. Allah ya sa ka gama da duniya ba ka san yadda uwa take ji ba in yaro ya ce bai ƙoshi ba alhali tukunya ta ƙare. Allah ya jiƙan Inna Hajo, ya yafe mana sakacinmu a kanta, ni da kai.

Wassalam.

Taka a Musulunci,
Hajiya Ladidi Mai Waina,
Shara Mansur, Makka.